Yadda ake haɗa ƙanƙarar 'ya'yan itace mai laushi a gida

Abin da ke raba ƙanƙara mai daɗin gutsura da wadda ke fitowa kamar dutse shi ne yawan sukari da kaurin haɗin. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri 0, ya yi tauri ƙwarai. Sukari kuwa yana hana wani ɓangare na ruwan daskarewa, shi ya sa haƙori ke iya shiga. In ya yi kaɗan sai ƙanƙarar ta yi tauri, in ya yi yawa ta ƙi kamawa, ta riƙa zamewa daga jikin tsinke.

Ga ma'aunin da zai cika ƙananan mazubai 6: tsokar 'ya'yan itace giram 500, sukari babban cokali 4, ruwa babban cokali 4, ruwan lemon tsami babban cokali 1, sai ɗan gishiri a bakin yatsa.

A fara narkar da sukarin a cikin ruwan bisa wuta, a sauke ya huce. Sukarin da aka zuba haka nan cikin haɗi mai sanyi ba ya gama narkewa, ƙasa yake kwanciya. A wanke 'ya'yan itacen, a fere, a cire ƙwallo, a markaɗa a blanda tare da sauran kayan. Sai a ɗanɗana. Ana so zaƙin ya ɗan zarce na lemon sha, domin sanyi yana dushe zaƙi a harshe.

Kowane ɗan itace da halinsa. Mangwaro da ayaba suna da kauri, su ne suka fi ba da laushi, kuma in sun nuna sosai cokali 2 na sukari ya wadatar. Mangwaro mai zare a tace shi da rariya. Ayaba tana saurin yin baƙi, don haka kada a manta da lemon tsamin. Kankana ita ce mai wuyar sha'ani: fiye da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, tana fitowa da tauri, ruwan ma yakan rabu da tsokar. A haɗa ta da ayaba ɗaya, kuma kada a ƙara mata ruwa ko kaɗan.

Mai son ɗanɗanon madara zai iya maye kashi ɗaya cikin uku na haɗin da yogot mai kauri. Sai dai a kula da ɗanyar abarba da gwanda. Suna da sinadarin da ke farfasa furotin na madara, har haɗin ya yi ɗaci. A tafasa su na minti 5, su huce, kafin a gauraya. Zuma na iya tsayawa a madadin sukari, amma ba a ba jaririn da bai kai shekara ɗaya ba.

Wajen zubawa a bar sarari kamar santimita 1 a sama, saboda ruwa yana kumbura in ya daskare. Idan kofunan roba ake amfani da su, a jira awa ɗaya haɗin ya fara kamawa sannan a soka tsinke, in ba haka ba zai karkace. A ajiye can cikin firiza, nesa da ƙofa, a digiri 18 ƙasa da sifili, na awa 6 zuwa 8. Sanyaya haɗin a firij tun farko yana taimakawa sosai, domin saurin daskarewa ne ke sa ƙwayoyin ƙanƙarar su yi ƙanana.

Wajen cirewa kada a ja da ƙarfi. A tsoma mazubin a ruwan ɗumi na daƙiƙa 15, zai saki da kansa. A naɗe kowacce a leda don kada iska ta busar da ita ko ta ɗauki warin wani abu. Wadda ta narke gaba ɗaya, musamman mai yogot, kada a sake mayar da ita firiza.