Intabiyun shiga karatun jinya: inda masu neman gurbi suka fi tuntuɓe

Duk wanda aka kira intabiyu, takardunsa sun riga sun wuce. Abin da ya rage wa kwamiti shi ne su gani ko za a iya barin majiyyaci a hannunka.

Mafi yawa a tambayar farko suke zamewa: me ya sa kake son aikin jinya? Sai ka ji "ina son taimakon mutane". Malamin makaranta ma taimakon mutane yake yi, don haka amsar ba ta nuna ka san aikin ba. Kawo abu guda da ka gani da idonka. Wataƙila ka taɓa zaman jinyar wani, ka lura nas tana juya tsohon da ba ya iya motsi kusan duk bayan awa 2, tana duba ƙugunsa da diddigensa don kada kwanciya ta ci masa fata ta zama gyambo. Wanda ya faɗi wannan ya nuna ya san jinya ta wuce yin allura. Kada kuma ka ce likitanci ka nema bai samu ba. Mutanen da ke gabanka galibi ma'aikatan jinya ne da suka ba aikin rayuwarsu.

Sai tambayoyin "ya za ka yi idan", kuma su ne suka fi nauyi. Ɗan'uwan majiyyaci ya tare ka yana neman sakamakon gwajin jini, ko ka ga abokin karatunka ya rubuta awon hawan jini alhali bai auna ba. Wasu kan nuna jarumta, su ce su da kansu za su warware komai. Wasu kuma su ce za su rufa wa aboki asiri. Duka biyun haɗari ne. Ka fara da lafiyar majiyyaci: a sake auna shi nan take. Sannan ka sanar da nas ɗin da ke kula da kai, domin ɗalibi yana da iyaka. Shi kuwa ɗan'uwan, ka saurare shi cikin mutunci, ka gaya masa ba a fitar da sirrin majiyyaci sai da yardarsa, ka haɗa shi da wanda ke da hurumin yin bayani. Cewa "wannan ya fi ƙarfina, zan tambaya" maki ne a wannan aiki.

Wasu makarantu suna haɗawa da ɗan gwajin lissafi, mutane kuma suna raina shi. Idan an rubuta miligiram 250, kwalbar kuma tana da miligiram 125 a cikin mililita 5, sai ka raba 250 da 125, ka ninka da 5: mililita 10 ke nan. Giram 1 miligiram 1,000 ne. Ɗigon da ke tsakanin lambobi ya kauce da gurbi ɗaya, magani ya ninka sau goma, shi ya sa ake tsanantawa.

Haddar amsa ma tana kayar da mutane, musamman inda ake intabiyun tasha-tasha, tsarin da Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara. Kowace tasha 'yan mintuna ce, da mai tantancewa daban, wani lokacin har da wanda zai fito a matsayin majiyyaci mai fushi. Hadda ba ta aiki a nan. Sa wani ya riƙa jefo maka tambayoyi da agogo a hannu, minti 5 kowace amsa. Idan tasha ɗaya ta ɓaci, ka bar ta a can. Mai tantancewa na gaba bai san abin da ya faru ba.

Tafi da takardunka na asali da kwafinsu, ka isa da rabin awa a hannu. Idan ta intanet ne, gwada kyamara da sauti tun jajibiri. In aka ce ko kana da tambaya, tambayi yadda ake tura ɗalibai horo a asibiti da wanda ke kula da su a can.