Ku Wanke Yadin Batik Kafin Ku Haɗa Bargo

'Yan uwa masu ɗinkin bargon haɗe-haɗe, kada ku sa wa yadin batik almakashi sai kun wanke shi tukuna, kowace kala a bokitinta.

Dalili kuwa shi ne, da narkakken kaki ake zana adonsa kafin a tsoma shi a rini, saboda haka ba a rasa ragowar kaki da rinin da bai kama zare ba.

Bara da sanyin Jos ya ƙarato na haɗa wa mahaifiyata bargo ban wanke ƙyallayen ba. Wankin farko shuɗin ya malale cikin fararen, aikin sati uku ya dafe, abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ku jiƙa yadin a ruwan ɗumi da sabulu kaɗan, ku yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, sannan ku shanya a inuwa. Idan ya bushe, ku goga masa jiƙaƙƙen farin ƙyalle. In ƙyallen ya ɗauki launi, ku sake wankewa. Inda kuka ji kaki ya yi tauri, ku shimfiɗa farar takarda a kai ku bi da dutsen guga, takardar za ta shanye shi.

Saƙar batik a matse take, don haka ku sa wa keke siririyar allura mai tsini, lamba 70 ko 80.

Sai dai dabarar wankin nan ba ta cika cin rinin baba mai duhu ba, domin yakan ci gaba da zuba ko an wanke shi sau da yawa, kuma gishiri ba ya tsayar da shi. Irin wannan yadin, ku haɗa shi da masu duhu 'yan uwansa, ku nesanta shi da fari.