Yadda ake fitar da giradiyen daga CLASS ko CAMB a cikin JAX

CAMB da CLASS manhajoji ne na lissafin kimiyyar sararin samaniya, JAX kuma kayan aikin Python ne da ke fitar da giradiyen, wato yadda amsa ke canzawa in an canza sigogi. CAMB da Fortran aka rubuta shi, CLASS kuma da C, shi kuwa JAX ba ya ganin abin da ke gudana a cikinsu. Ka kira jax.grad a kansu, ya tsaya cak. Ba zan ɓata lokaci kan girka su ba, na ɗauka ka gama wannan.

Kafin komai, kunna jax_enable_x64. JAX da lambobi masu bit 32 yake farawa, kuma da su ɗan bambancin da kake nema zai narke ya ɓace.

Sai ka naɗe kiran CLASS a cikin jax.pure_callback, ka gaya masa siffar abin da zai dawo ta ShapeDtypeStruct. Yanzu jit, mai harhaɗa lamba don ta yi sauri, zai yarda, amma giradiyen babu shi tukuna. Sai ka ɗora custom_jvp a kai, inda kai da kanka za ka rubuta ƙa'idar giradiyen. Ni shi nake zaɓa a kan custom_vjp, don yana aiki gaba da baya.

To, a nan masu koyo suke kifewa, ni ma na sha kifewa. Sukan tura tanjan ɗin, wato ɗan canjin sigogi da JAX ke bi, cikin callback, su yi lissafin bambancin a can. Su gwada jax.jvp ya ba da amsa mai kyau, su ɗauka an gama. Ranar da suka haɗa shi da NUTS, hanyar ɗaukar samfuri ta MCMC a NumPyro, wanda jax.grad yake bukata, sai kuskure ya cika allo. Dalili shi ne JAX yakan juya lissafin tanjan ne ya bi shi ta baya, kuma ba ya iya juya callback. Saboda haka callback sigogi kaɗai zai karɓa, ya dawo da Jakobiyan ɗungurungum, wato teburin yadda kowace amsa ke canzawa da kowane siga. Ninka Jakobiyan da tanjan kuwa a waje za ka yi shi, cikin JAX. Kada tanjan ya taka ƙafa ciki ko sau ɗaya.

Shi Jakobiyan ɗin da bambancin gefe biyu ake samunsa: ƙara wa siga kaɗan, rage masa kaɗan, raba bambancin amsoshin da ninki biyu na takun. Girman takun ne abin lura. A_s, girman sauye-sauyen farkon sararin samaniya, kusan 2.1×10⁻⁹ ne, h kuma, sigar Hubble, kusan 0.67, taku ɗaya ba zai yi wa duka biyun ba. Yi aiki da ln(10¹⁰A_s), wajen 3.04, ka huta. Idan takun ya yi ƙanƙanta, hayaniyar lissafin CLASS za ka auna, ba kimiyyar sararin samaniya ba. Gwada taku uku ko huɗu, ka tsaya inda amsar ta daina rawa, ka kuma ɗaga daidaiton CLASS ɗin.

Akwai tsada fa. Sigogi 6 na ΛCDM, daidaitaccen tsarin sararin samaniya, kira 12 ne, da na asali 13, a kowane giradiyen. In ya yi maka nauyi, horar da emuleta, manhaja mai kwaikwayon CLASS cikin sauri, ya fi.

In za ka yi vmap, wato gudanar da lissafin a kan jerin sigogi da yawa, sa vmap_method="sequential". Ka gudanar da check_grads daga jax.test_util, ta gaba da ta baya, kafin ka saki sarƙoƙinka na MCMC.