Yadda ake rubuta tarihin mamaci ɗan Katolika don littafin jana'iza

Idan aka yi rasuwa a gidan 'yan Katolika a Kaduna, yawanci ɗa ko jika ɗaya ake ɗora wa rubuta tarihin da za a sa a littafin jana'iza. Kwana biyu ko uku ne a hannunsa, ga baƙi, ga hawaye. Shi ya sa ake ƙarewa da "mutumin kirki ne mai son jama'a", maganar da za ta dace da kowa. Baba ya fi ƙarfin haka. Tarihin da ake so shi ne wanda abokinsa na kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, zai ji ya gyaɗa kai ya ce, lallai shi ne.

Fara da takardu kafin bakin mutane. Nemi katin baftisma. Galibi yana maƙale cikin Littafi Mai Tsarki, ko a akwatin ƙarfe tare da takardun fansho. A jikinsa akwai sunan baftisma, ranar, cocin da Fadan da ya yi ta, sau da yawa har da ranar ƙarfafawa cikin bangaskiya da ta aure. Idan katin ya ɓace, rajistar tana cocin da aka yi baftismar, ba cocin da yake zuwa a Sabon Tasha ko Kakuri ba. Dattawa da yawa a ƙauye aka yi musu, a yankin da ya koma ƙarƙashin dayosis na Kafanchan tun 1995, don haka katikis na can za a buga wa waya tun ranar farko. Shekarar haihuwa kuwa takan kawo rigima, domin ta takardar rantsuwar kotu da ya shiga aiki da ita kan saɓa da ta katin. Iyali su zauna su tsayar da guda, ita za a sa a littafin da fosta da kan kabari.

Makarantun mishan sun canja suna bayan gwamnati ta karɓe su a 1972: St John's ta zama Rimi College, Queen of Apostles ta zama Queen Amina. Rubuta sunan zamaninsa, ka bi shi da na yanzu. Haka aiki: faɗi wace masaƙa a Kakuri, wane sashe, shekara nawa.

Wajen hidimar coci da taimakon jama'a ne ake yawan yin ha'inci ba da gangan ba, domin 'ya'ya ba su san rabin abin da iyayensu suka yi ba. Mai sadakar gaskiya ba ya ba da labari a gida. Je wurin sakataren ƙungiyarsa, Zumuntar Mata ce, ƙungiyar maza, kwaya ko ƙungiyar taimakon mabukata ta St Vincent de Paul, ka roƙi a buɗe littafin taro. Nan za ka ga shekarar shigarsa da muƙaman da ya riƙe. Sannan zauna da tsofaffin mambobi biyu. In uwa ce ta rasu, kada ka ce musu, "Wace irin mace ce Mama?" Yabo kawai za ka samu. Ka ce, "Me kuka ga Mama ta yi da hannunta?" Sai ka ji labarin kular kunu da take ɗauka zuwa asibitin St Gerard ranar Asabar, ko yadda take zuwa da tsintsiyarta tun kafin Mas ta ƙarfe shida. Irin waɗannan biyu ko uku sun isa. Amma kada ka ambaci sunan gwauruwar da ya biya wa haya ko marayan da ya sa makaranta. Suna raye, wataƙila suna zaune a cocin, kuma da rufin asiri aka taimake su.

Jerin iyali a ba babbar mace a gidan ta duba. Ita za ta tuna ɗan da ya riga mahaifinsa rasuwa da 'yar riƙon da ta girma a gidan. Tsallake suna ɗaya na iya jawo gabar shekaru. Ciwon ajali kuma, sai da yardar matar ko mijin da aka bari. In ya sami shafan mai na marasa lafiya kafin ya cika, a faɗa, yana sanyaya zuciyar masu bi.

Tsaya a kalma 400 zuwa 450, karatun kusan minti huɗu. A ƙa'idar Katolika wa'azin Mas ta jana'iza kan tashin Almasihu yake, ba wurin yabon mamaci ba ne, don haka tambayi Fada tun da wuri inda za a karanta: daren wekipin, wato zaman addu'a kafin ranar jana'iza, ko bayan an gama karɓar Jibin Ubangiji.

A wurin mai buga takardu, shafuka huɗu-huɗu suke tafiya, wato 8, 12 ko 16. In ka kai 13, kuɗin 16 za ka biya. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba yakan fito dishi-dishi, domin manhajar tana rage ingancinsa, sai a tura shi a matsayin fayil. Nemi gwaji ɗaya a takarda, ka duba ƙ, ɗ da ɓ, don wasu haruffan kwamfuta kan mayar da su ɗan akwati. Ware kwafi uku kafin a raba, ɗaya a kai ofishin coci, a nan kuma a rubuta neman Mas ta cikar wata ɗaya da ta 2 ga Nuwamba, ranar tunawa da dukan masu bi da suka rasu.