Yadda zaka zaɓi talabijin da zata dace da tsofaffin gem irinsu Sega da PS1

Kwanaki na ciro tsohuwar Sega Mega Drive ɗina daga cikin wani kwali a gidanmu na Tudun Wada, na kakkaɓe ƙura na jona ta a filasmar falo mai inci 43, ina ta murna zan nunawa yara abinda muka taso dashi. Wallahi kunya naji. Hoton ya dagule kamar an shafa masa man gyaɗa, Sonic yayi faɗi kamar wanda aka zauna a kansa, sannan in na danna tsalle sai ya ɗan yi jim kafin ya tashi. Ƙanena yace yaya wai dama wannan ne gem ɗin da kuke cika mana baki dashi? Toh ba laifin gem bane, talabijin ɗin ce bata dace ba. Ga yadda na bi na gyara abin.

Matakin farko, ka cire rai daga filasma ka nemi tsohuwar talabijin mai doro, wacce ake kira CRT. Dalili kuwa shine Famicom ta kamfanin Nintendo da ta fito a Japan a 1983, da Mega Drive ta 1988, da PlayStation ta farko, wato PS1, ta 1994, duk don irin wannan talabijin ɗin aka ƙera su. Hoton da suke fitarwa ƙarami ne, layi kusan 240 ne kawai daga sama zuwa ƙasa, mai doro tana zana shi kai tsaye yadda ya zo, ita kuwa ta zamani sai ta tsaya ta buɗa shi ya cika layi 1080 ko sama da haka, a wajen wannan buɗawar ne hoton yake lalacewa kuma a nan ake samun jinkirin nan tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa. A kallon fim ba zaka lura ba, amma a Contra ko Mortal Kombat wannan ɗan jim ɗin shi zai sa a kashe ka. Kuma in kana da bindigar nan ta harbin agwagi ta Duck Hunt, ita sam bata aiki a filasma, sai mai doro.

Na biyu, kafin ka fita ka juya bayan gem ɗinka ka ga wace irin waya yake amfani da ita. Yawanci wayar AV ce mai kai uku, rawaya ta hoto, fara da ja na sauti. Wasu tsofaffin sosai ta ramin eriya ake jona su sai kayi ta saccin kamar mai neman tasha, wannan hanyar ita ce mafi muni, hoton yana zuwa da yayyafi, in da hali ka guje ta. Talabijin ɗin da aka shigo dasu na hannu daga Turai zaka ga suna da wani rami mai faɗi mai ƙananan huji da yawa, sunansa SCART, kar ka raina shi, in ka samu wayar da ta dace yafi AV fitar da hoto tas. Mai PS2 kuma ya duba ko akwai ramukan nan masu kore da shuɗi da ja, don su ma sun fi AV fitar da hoto.

Na uku, kuma anan mutane suka fi faɗawa rami, maganar PAL da NTSC, wato tsarin da talabijin take bi wajen nuna hoto. Mu a Najeriya tsarin PAL muke bi irin na Turai, Amurka da Japan kuma NTSC. In gem ɗinka na Japan ne ko na Amurka ka jona shi a talabijin da PAL kaɗai ta sani, sai kaga hoto ya fito baƙi da fari, wani lokacin ma yana ta gudu sama. Da yawa sai su ɗauka gem ɗin ne ya mutu su jefar dashi a banza. Abinda zaka nema shine wacce take karɓar duka biyun, sau da yawa an rubuta Multi System a gabanta ko a takardar bayanta, ko ka shiga menu wajen kala kaga ko akwai AUTO da PAL da NTSC. Wani abin kuma, yawancin tsofaffin gem na PAL sun fi na NTSC nawa, don PAL hoto 50 yake bugawa a sakan ɗaya, NTSC kuma 60, shi yasa in ka saba da Sonic na Turai ka kunna na Japan zaka ji har kiɗan ya ƙara sauri.

Tunda muna maganar Japan bari in tsoma wannan. Wutarsu volt 100 ce, ta Amurka 120, tamu kuwa ta haura 200. Ni da hannuna na taɓa soka PS1 ɗin Japan a soket ba tare da taransifoma mai rage wuta ba, naji fat, sai warin ƙonewa, shikenan. Ka karanta rubutun bayan gem ɗin da na talabijin ɗin kafin ka jona komai.

Na huɗu girma. Inci 14 tana da daɗin ɗauka kuma ta isa ɗakin ɗalibi a Samaru ko Kongo, sai dai in ku biyu ne kuna buga gem ɗin ƙwallo na Winning Eleven zaku yi ta haɗa kai kamar masu cin tuwo a kwano ɗaya. Inci 29 kuwa kyau kam akwai, amma sai mutum biyu sun kama, ga cin wuri ga shan wuta, ƙaramin janareta ma sai kaji ya canza murya in ka kunna ta. Ni dai a wajena inci 21 ita ce daidai. In kayi sa'a ka ci karo da Sony Trinitron mai lafiya ka riƙe ta gam, amma kar ka nace sai ita, Panasonic ko Sharp ko LG mai lafiya tafi Sony da ta gaji nesa ba kusa ba.

Na biyar, wajen siya. Ka fara tambaya a dangi tukunna, gidaje da yawa a cikin birni akwai irinta a ƙarƙashin gado ko a sito an lulluɓe da tsohon zani, wata gwaggon taka ma godiya zata yi ka rage mata kaya. In babu sai ka zaga shagunan masu gyaran talabijin, ko masu kayan wuta na hannu a Sabon Gari. Amma don Allah ka tafi da gem ɗinka da wayarsa da kaset ɗaya a jaka, kar ka yarda da maganar wallahi lafiyarta ƙalau Alhaji jiya ma mun kalli ƙwallo da ita. A jona a gabanka, in babu wuta a tada janareta ko da kai zaka sayi man. Ka barta tayi kamar minti 20 a kunne don wasu sai sun ɗau zafi suke nuna halinsu. Ka duba kusurwa huɗun nan ko akwai tabon kore ko shunayya, ka duba rubutun gem ɗin ko yana karantuwa ko ya yi dishi dishi, ka ga ko hoton ya tsuke ya bar baƙi a sama da ƙasa. Ka ɗan girgiza wayar AV ɗin a raminta, in hoto yana ɗaukewa ramin ya saki, wannan ƙaramin gyara ne na dalma, sai dai ka rage kuɗi dashi. Wacce hotonta yayi duhu ko an ƙure haske kuwa tub ɗinta ne ya tsufa, barta kawai. Ka tambayi rimot ma, don wasu ba zaka iya shiga AV ba sai dashi.

In ka kawo gida kar ka ajiye ta kusa da manyan sifiku, maganaɗisun cikinsu shi yake ɓata kala. Ka haɗa ta da sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta. Lokacin hunturu ka dinga rufe ta da ƙyalle in ta huce saboda ƙura. Sannan kar ka kuskura ka kwance bayanta da kanka wai zaka share, tana riƙe wuta mai ƙarfi a ciki ko bayan an cire ta daga soket, wannan aikin mai gyara ne.

Wanda kuma bashi da wurin ajiye mai doro, ko madam tace ba za'a shigo mata da wannan akwatin falo ba, toh ya lallaɓa da filasmar. Ya shiga setin ya kunna Game Mode, ya mayar da girman hoto 4:3 ya haƙura da baƙin da zai gani a gefe da gefe. Ƴan ƙananan na'urorin nan masu araha da suke juya AV zuwa HDMI suna fitar da hoto amma yawancinsu suna ƙara jinkiri, masu kyan irinsu RetroTINK kuma sai an yi oda daga waje, kuɗinsu ma zai saya maka mai doro fiye da ɗaya.