Darasi na 6: Zaiba da Gubarta

Zaiba ƙarfe ce, amma ruwa-ruwa take, tana ƙyalli kamar azurfa. Akwai ta a ma'aunin zafin jiki na gilashi, da dogon ƙwan lantarki, da wasu mayukan bilicin. Masu haƙar zinariya kuma sukan cakuɗa ta da garin dutse don ta kamo zinariyar, sannan su ƙona curin zaibar da zinariyar.

Tururinta ne babban haɗari. Ba shi da wari, ba a ganinsa, kuma ko ba a sa mata wuta ba yana tashi a hankali. Cikin kashi 100 na tururin da aka shaƙa, wajen 80 kan bi ta huhu ya shiga jini, ya kai ga ƙwaƙwalwa da ƙoda. Sai a ga hannu na karkarwa, dasashi ya kumbura, yawu ya yi yawa, barci ya ƙi zuwa, ga mantuwa da saurin fushi.

Wadda ta gangara ruwa kuwa tana taruwa a jikin manyan kifaye masu cin ƙanana, dafuwa ba ta fitar da ita. Haka ta faru a Minamata, ƙasar Japan, inda aka gano cutar da wannan guba ta jawo wa mutanen garin a 1956. Mata masu ciki sun ci kifin, aka haifi jarirai da lalurar ƙwaƙwalwa.

Idan ma'aunin zafi ya fashe a ɗaki, a fitar da yara da masu ciki, a buɗe tagogi. Kada a share! Tsintsiya tana farfasa zaibar ne ta zama ƙananan ƙwayoyi, tururi ya ƙaru. Injin zuƙe ƙura ma ya fi tsintsiyar ɓarna. Mai kwashewa ya cire zoben zinariya, don zaiba na manne masa, ya sa safar roba. Ya tattara ƙwayoyin da kwali mai kauri. Ya kwantar da hasken tocila a ƙasa, waɗanda suka ɓuya za su yi ƙyalli, sai ya ɗauke su da salatif. A zuba duka a kwalba mai murfi, a rufe gam, a rubuta "zaiba" a jikinta. Ba a zuba ta a magudana, ba a ƙona ta. Kafet ɗin da ta shiga ba ya wankuwa, sai dai a yanke wurin. A bar tagogi a buɗe awa 24.

A asibiti, fitsari ake aunawa idan tururi aka shaƙa. Idan ta kifi ce, jini ko gashi.