Kurakuran da aka fi yi wajen allurar kashe jijiya da na'urar sikanin

Tun da likitocin Biyena, babban birnin Ostiriya, suka nuna a 1994 cewa ana iya kallon jijiyoyin hannu a allon na'urar sikanin yayin tura maganin kashe zafi, aikin ya canza. Magani na saurin kamawa, kuma kaɗan ya isa. Sai dai mai koyo yakan ga hoto ya ɗauka ya ga komai, daga nan yawancin matsaloli suke tasowa.

Babban kuskure shi ne tura allura alhali ba a ganin bakinta. Sautin da na'urar ke aikawa cikin jiki siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai wuce na katin ATM ba. Idan allura ta ɗan karkace, gangar jikinta kawai za ta ratsa shi, sai ka ga farin layi ya tsaya a wani wuri ka ce baki ke nan, alhali bakin ya riga ya yi gaba. A allurar saman ƙashin wuya, gaban nan tantanin huhu ne. Da zarar baki ya ɓace maka, tsayar da hannun allura cak. Ɗauke ido daga allo, dubi hannuwanka, ka ga ko allura da kan na'ura, wato abin da ake ɗorawa a fata, suna layi ɗaya. Zame kan na'urar a hankali har allurar ta bayyana, kada ka motsa hannu biyu lokaci guda. In har yanzu kana shakka, tura rabin mililita na ruwan gishiri, ruwa baƙi yake fitowa a allo, inda baƙin ya buɗe nan bakin yake. Allurar da ta shiga a tsaye ba ta nuna kanta da kyau, don haka soka daga ɗan nesa ta shiga a kwance. Sannan jingina gefen hannunka a jikin majinyaci, ka ajiye na'urar a gabanka. Wanda ke waiwaye don ganin allo, hannunsa zamewa yake yi bai sani ba.

Saitin na'ura ma ana wasa da shi. Miƙaƙƙen kai na jijiyoyin kusa da fata ne, mai lanƙwasa na masu zurfi. Rage zurfi har jijiyar ta zo tsakiyar allo. Idan ta ɓace, ɗan karkata kan na'urar kafin ka ce babu ita, musamman ta bayan gwiwa.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganin da ke shiga jini. Danna kan na'ura da ƙarfi yana lotsa jijiyar jini mai komawa zuciya, ta ɓace daga hoto, kuma ko ka ja sirinji baya ba za ka ga jini ba. Sassauta hannu, kunna Dopla, saitin da ke nuna gudun jini, ka duba hanyar allura tun kafin ka soka. Tura magani mililita 3 zuwa 5, ka tsaya, ka ja baya, sannan ka ci gaba. In ka tura mililita ɗaya ba ka ga baƙi yana yaɗuwa ba, dakata, wani wuri maganin yake zuwa. A yi lissafi da nauyin majinyaci: a cikin magungunan kashe zafin, bufibakain kada ya wuce miligiram 2 a kowane kilo, lidokain mai adrenalin miligiram 7. Ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne, mutuwar leɓe ko rikicewar magana alamun guba ne, bayansu jijjiga da tsayawar zuciya. Intralipid na kashi 20 cikin 100, ruwan mai da ake sawa ta jijiyar jini don karya wannan guba, ya kasance a ɗakin, farkon abin da ake bayarwa mililita 1.5 a kowane kilo. A ganina bai kamata a fara allurar ba inda babu shi.

Wasu kuma suna nufar tsakiyar jijiya. Gefenta ake nema, magani ya kewaye ta. In ta kumbura a allo, ko majinyaci ya ji zafi mai tsanani ya ratsa shi, ko sirinji ya yi tauri, a ja baya. Mai tura sirinji ya faɗa da ƙarfi in ya ji taurin, ko da ƙaramin ma'aikaci ne. Majinyaci babba kuma ba a cika masa maganin barci, don ya iya magana in ya ji zafin.

Allurar gefen wuya takan kashe jijiyar da ke motsa tantanin numfashi na wannan ɓangaren, don haka mai ciwon huhu mai tsanani a nema masa wata hanya. A rufe kan na'ura da leda mai tsabta, jel ɗin da zai taɓa wurin suka ya zama wanda aka kashe wa ƙwayoyin cuta. Dab da soka allura kuma, a tsaya a sake duba takardar amincewa da alamar da aka yi a jiki, dama ce ko hagu, domin bayan an juya majinyaci rub da ciki ake yawan rikicewa.